Sau Ɗaya Tak Aka Tambaye Ni

Kilmoyle,
Mayo.
17 ga Agusta.

Zuwa ga Yayata Nuala,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki Malachy, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Des da yara da jikoki baki ɗaya. Allah ya sa gwiwar nan da aka yi wa aiki ta bar ki kina barci, ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya tsare ku a can Perth. Ranar Lahadin da ta wuce Fada ya ambaci sunan Mama a coci, shekara tara ke nan cif, na kuma sa ya haɗa da naki cikin marasa lafiya, ko da yake na san za ki ce ke ba mara lafiya ba ce. Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda rabona da in rubuta abin da ya fi rasit tsawo tun ina makaranta, ga kuma waya a aljihun kowa. Dalili shi ne na san halina. Idan na kira ki, labarin ruwan sama zan yi miki na minti ashirin in ajiye wayar.

Mu nan muna lafiya, mun gode Allah. Uwargida Dympna na fama da sukarinta, tana kuma cin kek a ɓoye, tana zaton ban sani ba. Ɗanmu Cathal yanzu shi ke tuƙa babbar tifa, hannunsa ya faɗa, sai dai yana taka birki kamar yana jin haushinsa. Ruwa bai bar mutane sun kwashe ciyawa ba sai makon jiya. Na je na wanke dutsen kabarin su Mama da Baba, na sake zuba tsakuwa fara, tawa ce ta wurin aiki, wadda ta fi kyau. To, wannan shi ne labarin gida. Yanzu bari in shiga abin da ya sa na zauna, kuma ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye, don ni kaina ban gama gane abin da ya same ni ba.

Kin riga kin ji cewa 'yarmu Sorcha ta samu gurbin karatun likita. Abin da ba ki sani ba shi ne irin wahalar da ta sha. Shekara biyar tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti a Galway, tana dawowa ta buɗe littafi, sau uku tana zama jarrabawar shigar nan kafin ta haye. Ranar da saƙon ya zo ina kan katafila ina haƙa ramin kwata a bayan gidan wani, ta kira ni tana kuka, har na ɗauka mutuwa aka yi. Da yamma na shiga mashayar Hession na saya wa duk wanda ke ciki abin sha, har da wasu baƙi biyu masu kekuna da ban san su ba. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na ce, ni da na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha shida na tafi Birmingham da shebur, yau ga shi zan yaye likita daga aljihuna, ba tare da na ce wa kowa don Allah ba. Haka na faɗa, Yaya, da ƙarfi, mutum kusan talatin suka ji.

Washegari ta ajiye mini takardar kuɗin makaranta kusa da kofin shayina. Yuro dubu goma sha bakwai. Na ce to, na shekara huɗu, ba laifi, za a iya. Ta ce Baba, na shekara ɗaya ne. Na sa tabarau na sake dubawa, ina neman inda aka yi kuskuren buga sifili. Ni abin da na sani, lokacin digirinta na farko gwamnati ce ta biya babban kuɗin, ni kuwa ina ba da dubu uku a shekara ina ta hura hanci. Ashe sau ɗaya ake yi wa mutum wannan gatan. Wanda ya riga ya yi digiri ya dawo yana son likitanci, shi da aljihunsa, ko tallafin ɗalibai ba ya samu. Na ce wannan wace irin doka ce, ƙasar da mutum zai yi mako uku yana jiran ganin likita, sannan ga mai son zama likita an tare mata hanya? Ta ce ba ita ta kafa dokar ba. Na ce to me ya hana ki faɗa mini? Nan Dympna ta ajiye tukunya da ƙarfi ta ce, an faɗa maka, kurma, sau uku a gabana, kowane karo sai ka ɗaga hannu ka ce a bar wannan a hannunka, kafin yarinya ta kai ƙarshen maganarta. Sai a lokacin na tuna ranar da na shigo da babbar tifar nan, ta hannu ce ma, cikin watan Maris, wadda na kwashe ajiyata kaf na biya lakadan. Ina ta ba da labari a kan tebur, Sorcha ta tashi ta fita tana share ido. Ni na ɗauka mura ce.

Kin san ni da bashi. Ban taɓa cin na kowa ba, ko sisi. Lokacin da aikin gine-gine ya rushe, mutane suna ta rasa gidaje, ni motoci biyu na sayar na ci gaba da barcina. To amma ranar Talata na sa rigar zuwa jana'iza na raka Sorcha banki. Matar da ta saurare mu 'yar gidan Tierney ce, ubanta ya sha hawa bayan motata. Ta ce rancen da ake ba irin waɗannan ɗalibai an daina shi. Na ce ba komai, a ba ta na kowa da kowa, ni zan tsaya mata. Ta yi ta danne-danne, sannan ta ce wai kwamfuta ba ta san ni ba. Na ce ni, Malachy Devaney? Harsashin ginin nan da kike zaune a ciki ni na haƙa shi. Ta ce ta sani, amma tunda ban taɓa cin bashi ba, babu shaidar cewa ina biya, ga shekaruna sittin da huɗu, ga motocin duk tsofaffi. Na ce ki tsaya in fahimta, wato da na yi ta ci ina biya da ƙyar, da yanzu ni mutumin kirki ne? Ta ce kusan haka ne, Kawu Malachy. Har yau ina juya wannan magana, ban ga kanta ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne da muka dawo gida Sorcha ta fito da wani fayil da ban san da shi ba. Ashe tun bazara take rubuce-rubuce tana neman tallafi. Wasiƙa ashirin da uku, Yaya. Ƙungiyoyin taimako, asusun wasu matattun attajirai, kansilanmu, har da wani tsohon likita da ya yi ritaya. Wasu sun ce su masu digirin farko kawai suke taimaka wa. Wasu sun ce sun duba takardun gidanmu, ubanta na da tifa uku da katafila, don haka ba ta cikin mabuƙata. Mutum ɗaya ne ya aiko da ɗari biyar, wai ta sayi littattafai. To ki gaya mini. A banki ni talaka ne da ba za a yarda da shi ba, a wurin masu tallafi ni attajiri ne da bai kamata a taimaka wa ba, duk a mako guda, da riga guda. Na ce mata da kin tambaye ni da ban bar ki kin aika sunan gidanmu yana yawo a ofisoshin mutane ba. Ta ce shi ya sa ba ta tambaye ni ba.

Yanzu ga inda na fi son ki saurara. Kin tuna jerin gwanon taraktocin da muke yi kowace Satumba, ana zagaya ƙauyuka da bokitai ana tara kuɗi don wani abin alheri. Shekara goma sha huɗu tifata ce a gaba, ni ne kuma na farkon jefa takarda a bokiti, babba, inda kowa zai gani. Bana ma'ajin kwamitin ita ce Marijke, Baholandiyar nan da ta sayi tsohuwar gonar Walsh tana yin cuku. Mace ce mai kirki, ba ni da abin faɗa a kanta. Ranar Laraba ina kwance ƙarƙashin mota ina shafa giris, sai ga ta ita da Packie Joe Tuohy, abokina tun muna gajeren wando. Packie Joe ya fara yadda ake farawa, ya yi zancen tsadar man dizal, ya zagi 'yan ƙwallonmu, ya tambayi sukarin Dympna, yana matsowa a hankali. Ita kuwa sai ta duba agogo ta katse shi. Ta ce kwamiti ya ji halin da ake ciki, suna so jerin gwanon bana ya zama na karatun Sorcha, e ko a'a, don ranar Juma'a za a kai fosta wurin bugawa.

To me zan ce? Na faɗi abin da ake faɗa. Na ce haba, a'a, Allah ya kiyaye, mu ba mu kai nan ba, a ba waɗanda suka fi mu buƙata. Na goge hannuna da tsumma ina jiran ta ce haba Malachy, kada ka yi mana haka, ni kuma in sake cewa a'a amma da sanyin murya, sannan Packie Joe ya ce ai ba don kai ba ne, don yarinyar ne, an ma riga an gama magana, ni kuma in ce to tunda kun matsa. Kowa ya san haka abin yake tafiya. Sai kawai na ga ta buɗe ɗan littafinta ta ja layi, ta ce madalla, ta ji daɗi da na fito fili na faɗi ra'ayina, to za a yi na sabon rufin ɗakin taron gari. Ta miƙo mini hannu muka gaisa, ta shiga motarta. Packie Joe ya tsaya baki buɗe. Da ta tafi ya cire hularsa ya maka mini a ka, ya ce kai jakin Allah, da Baholandiya kake wasan a'a? Shekara goma sha ɗaya tana garin nan, har yau in ta miƙo maka biskit ka ce a'a, gwangwani take mayar da shi ta rufe. Na ce to kai me ya riƙe maka baki, tsohon banza? Ya ce yana ta taka mata ƙafa, ita kuwa ta ɗauka wurin ne ya yi musu ƙunci, ta matsa gefe. Na ce ka bi ta mana. Ya ce in bi ta in ce me, in ce Malachy Devaney ƙarya yake yi? Ranar Asabar aka manna fostocin, hoton rufi mai yoyo a kowane turken lantarki. Ni ne ma aka sa in ja gaba kamar kullum.

Sai kuma ke. Ranar Lahadi kika kira, Dympna ta riga ta tsegunta miki. Ba zan manta kalmominki ba. Kika ce, Malachy, gonar Mama ta bakin hanya da sunanmu mu biyu take, ni ba dawowa zan yi in yi kiwo ba, a yanki fuloti a sayar a biya wa yarinya. Abin da nake ta tunani ke nan kwana uku na rasa ta inda zan ɓullo miki. Amma me bakina ya ce? Ya ce a'a, Yaya, bar abinki, muna nan lafiya lau, an shawo kan komai. Na riƙe wayar ina jira. Sai na ji kin ce, to shi ke nan, tunda ka ce haka, kika koma kan labarin gwiwarki da likitan da ya yi kama da ɗan makaranta. Minti goma sha biyu kina bayanin gwiwa, ni ina tsaye a baranda kamar an dasa ni. Ban ji ko kalma ɗaya ba, ki yafe mini.

Yaya, kin manta al'adarmu ne, ko shekara arba'in da ɗaya a can ta wanke miki ita? Kin tuna shekarar da shanunmu biyu suka mutu, tsoho Hession ya zo da kuɗi cikin ambulan? Mama ta ce a'a, ya mayar aljihu ya sha shayi. Zai tashi ya sake fitowa da shi, ta ce ya rufa mata asiri, ba ta buƙata. Ya kai bakin ƙofa ya dawo wai ya manta hularsa, ya tura ambulan ɗin bayan agogon kan murhu ya fice. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi gori, washegari suka haɗu a coci suka gaisa ido cikin ido. Ni haka na ga ana yi, haka kuma na yi wa mutane shekara da shekaru. Sau nawa na ajiye lodin tsakuwa a ƙofar gwauruwa bayan ta ce a'a sau biyu? Ban taɓa ɗaukar a'ar farko da nauyi ba, a wurina gaisuwa ce kawai. Yanzu da abin ya zagayo kaina, kowa ya zama mai gaskata magana. Ban sani ba ko duniyar ce ta sauya ba a sanar da ni ba, ko kuwa ni ne na yi shekara arba'in ina cika baki har mutane suka yarda da gaske ba na buƙatar kowa. Dympna ta ce na biyun ne. Ta ce ka yi ta shelar kai ba ka neman komai wurin kowa, to ga shi an ji ka.

Ranar Litinin Sorcha ta same ni a wurin aiki. Ta je sayen cuku, Marijke ta ba ta labari da zuciya ɗaya, har tana yaba mini wai ni mutum ne mai tsayawa kan maganarsa. Uwarta kuma ta faɗa mata yadda muka yi da ke. Na zaci za ta yi faɗa, da ma ta yi da na fi jin daɗi. A tsaye take, hannu cikin aljihu, ta ce Baba, ni na rubuta wa baƙi ashirin da uku na ce su taimake ni, kowace wasiƙa sai da na ji kamar in nutse, amma na rubuta. Kai kuwa sau biyu aka kawo maka har gida, kalma ɗaya ta gagare ka. Na ce ai ba ki gane ba ne, ba haka ake yi ba, sai an sake tambaya. Ta ce jami'a ba ta sake tambaya. Ranar takwas ga Satumba ce ranar ƙarshe ta biya, in ba a biya ba a ba na bayanta gurbin. Ta ce ta riga ta rubuta takardar janyewa tana cikin wayarta, ba ta aika ba tukuna, ba kuma za ta sake zama jarrabawar nan karo na huɗu ba, shekarunta ashirin da bakwai, ta gaji. Sannan ta ce in daina shiga mashayar Hession da kai a sunkuye, ita ba ta jin kunyar komawa gwajin jini. Wannan ce ta fi yi mini ciwo, wai ita ce ke lallashina.

Na zauna cikin tifar nan da na saya da kuɗin karatunta, ban tayar da ita ba, na daɗe. Na yi tunanin sayar da ita, amma rabin kuɗinta ma ba za ta dawo da shi ba yanzu, kuma ita ce abincin Cathal da matarsa mai ciki. Sai na sauka na tafi ofishin asusun haɗin gwiwa na garinmu, su aƙalla da ido suke kallon mutum. Sun ce idan aka kawo musu takardar sayar da fulotin da hannunmu mu biyu, za su ba da na shekarar farko nan take kafin ciniki ya kammala. Akwai wasu matasa ma'aurata da suka daɗe suna son kusurwar nan ta ƙasa, wajen kwalbati. Ba za a taɓa tsohon gidan ba, ba za a taɓa rijiya ba, da itacen nan da kike hawa kina jifana da 'ya'yansa. Abin da za su biya zai kusa ɗauke shekara huɗun, sauran ni da katafila za mu nemo shi, ko da zan yi ta haƙa kwata har in kai saba'in.

Ga shi na cika shafi shida, na duba kuma na ga har yanzu ban rubuta abin da na zauna in rubuta ba. Na ɗora biro sau uku, hannuna ya ƙi. Ban iya ba, Yaya, ba a koya mini ba, kuma ban san ko girman kai ne ko tarbiyya ba, a da na ɗauka abu ɗaya ne. To ga iyakar abin da zan iya. Na biya kuɗin gaggawa a gidan waya, sun ce kwana biyar za ta iso ki, matar wurin ma ta riga ta fara tambayar ko lafiya. Ranar Lahadi ta sama, bayan an taso daga coci, zan zauna kusa da waya. Ki kira ni ki sake yi mini tambayar nan, kamar yadda kika yi ta, kalma da kalma. Idan bakina ya riga ni ya ce a'a, don Allah kada ki koma kan gwiwarki. Ki sake. Dympna ta ce za ta tsaya a bayana da ludayi, don haka ina jin ba sai kin kai uku ba.

Ki gaishe mini da Des, ki ce masa har yanzu ina riƙe da sandar kamun kifinsa, ba kuma zan mayar ba sai ya zo da ƙafarsa. Ki gaishe da Ronan da matarsa, da Aisling, da 'yan biyun da har yau ban iya bambance su a hoto ba. Dympna na gaishe ki, Cathal ma haka. Sorcha ba ta san na rubuto ba, kada ki faɗa mata sai mun gama. Allah ya ƙara lafiya, ya sa mu sake ganin juna da ido.

Ni ne ƙaninki,
Malachy.

Af, na manta. Za ki ga wata takardar lauya a cikin ambulan ɗin. Ba cewa na yi ki yi komai da ita ba, na ga dai tunda an riga an biya kuɗin gaggawa, gara ta tafi tare. Wurin da na yi wa alama da fensir, don ki san inda yake ne kawai.